Lafiya Uwar Jiki: Kaurin Jini Da Idon Mai Ciwon Sukari

 A wannan wata mun jingine maganar zazzaɓin yara da muka yi alkawarin ci gaba da ita, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wani bawan Allah mai sana'ar goro a Kumasi, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Mahaifinsa ya shekara 14 yana fama da ciwon sukari. Bara ya fara ganin hazo-hazo, bana kuwa wata safiya ya tashi yana ganin wasu baƙaƙen zaruruwa suna yawo a idonsa na dama kamar saƙar gizo-gizo. Da suka kai shi asibiti likita ya leƙa idon, ya ce jijiyoyin jini ne na can bayan ido suka fashe, ya kuma ce musu jinin mai sukari ba ya gudana yadda ya kamata. Da suka koma gida sai dangi suka yi caa, kowa da tasa shawarar. Baffansa ya ce ai magana ta fito, jini ne ya yi kauri, a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya ya zuƙe mataccen jinin. Gwaggonsa ta ce a'a, asfirin za a riƙa ba shi kullum, ta ji an ce yana tsinka jini. Shi ne mai wasiƙar yake tambaya, shin gaskiya ne jinin mai sukari kauri yake yi, in kuma an tsinka shi idon zai dawo?

To Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Baffa bai yi ƙarya ba a rabin maganarsa na farko, amma rabi na biyu shi ne abin tsoro, don haka sai ka yi haƙuri mu bi maganar daki-daki.

A can bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani tantani siriri da ke shimfiɗe, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa labarin abin da aka gani. Likitoci suna ce masa retina, mu kuwa za mu kira shi tantanin gani. Duk ƙanƙantarsa, yana cikin sassan jiki da suka fi kowanne cin iskar oksijin in aka yi la'akari da nauyinsa, iskar nan kuwa jini ke kai masa ta wasu siraran jijiyoyi da ido ba ya iya gani. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri wanda da shi muke karatu, da shi tela ke zura zare a allura, da shi kuma muke gane fuskar mutum daga nesa. Nan bayan ido ne kaɗai a jikin mutum likita kan iya kallon jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da ya tsaga fata ba. Tun da wani Bajamushe mai suna Helmholtz ya fito da madubin leƙa ido a 1851 aka samu wannan dama, 'yan shekaru bayan haka kuma wani likitan ido a birnin Biyana, Eduard Jaeger, ya zana ɓarnar da ya gani a bayan idon wani mai ciwon sukari. Wato dai cutar ba baƙuwa ba ce ga likitoci.

Shi jini a ido ruwa ne, amma a gaskiya ya fi kama da koko, ruwa ne da gari a ciki. Kusan kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na jinin lafiyayyen mutum jajayen ƙwayoyi ne, su ne 'yan dakon oksijin. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, faɗin jar ƙwaya ɗaya gida 7 zuwa 8 ne, alhali kuwa wasu daga cikin siraran jijiyoyin nan faɗinsu bai wuce gida 5 ko 6 ba. Mai karatu zai ce to yaya abu zai wuce ta ramin da bai kai shi girma ba? Ikon Allah ke nan. Ita jar ƙwaya laushi gare ta, lanƙwashewa take yi ta yi tsawo ta kutsa, in ta fita ta koma yadda take. Duk wanda ya taɓa bin lungunan zango ya ga yadda mai tallan kaya kan karkace kafaɗa ya wuce tsakanin katanga biyu, ya fahimci abin da muke nufi. Haka suke bi ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, har tsawon kwana 120 da kowace ƙwaya kan yi a raye.

In sukari ya daɗe yana yawa a jini, sai ya riƙa liƙewa a jikin sinadaran gina jiki kamar yadda alewa ke liƙewa a yatsa, ya kuma rage wa fatar ƙwayar laushi. A shekarun 1970 masu bincike a Jamus da Amurka suka gwada tura jajayen ƙwayoyin masu sukari ta ƙananan kafofi, suka tarar ba sa lanƙwashewa da sauƙi kamar na masu lafiya. Bayan taurin kuma, ruwan jinin kansa yakan ƙara yauƙi, domin wani sinadari mai suna fibirinojin, wanda ke taimakon jini ya daskare in an yanke, yakan ƙaru a jikin masu sukari da yawa. Shi wannan sinadari yakan sa jajayen ƙwayoyi su jeru su manne da juna kamar kuɗin ƙarfe da mai shago ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, musamman inda jini ke tafiya a hankali. Ƙwaya ɗaya ma da ƙyar take wucewa, balle sun yi gungu.

Wanda ya fi ba mu mamaki a karatunmu shi ne aikin fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki. Su sun fi jajaye girma, sun kuma fi su tauri nesa ba kusa ba. A jikin mai sukari bangon jijiya na ciki yakan yi kamar an shafa masa danƙo, sai farar ƙwaya ta zo wucewa ta maƙale, duk jajayen da ke bayanta su tsaya cak. An ga haka ƙarara a idon ɓerayen gwaji a shekarun 1990. Wani lokaci takan saki ta wuce, amma kafin nan ta ji wa bangon ciwo, in kuma abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru sai jijiyar ta toshe gaba ɗaya. Ga kuma ƙishirwa. Sukari in ya hau yakan sa yawan fitsari, ruwan jiki ya ragu, koko kuwa in ruwansa ya ragu kowa ya san yadda yake zama. Saboda haka in an ce jinin mai sukari ya fi na sauran mutane nauyin tafiya, ba a yi ƙarya ba.

Sai dai akwai wani lissafi da ya kamata Baffa ya ji. Wani likitan Faransa mai suna Poiseuille ya yi ta tura ruwa ta siraran bututun gilashi a shekarun 1840, ya gano cewa in ka ninka kaurin ruwa sau biyu, abin da zai wuce yakan ragu zuwa rabi. Amma in ka bar ruwan yadda yake, ka rage faɗin bututun zuwa rabi, abin da zai wuce sai ya koma kashi 1 cikin 16. Jini ba ruwan famfo ba ne, jijiya kuma ba gilashi ba ce, amma darasin yana nan, halin da hanyar take ciki ya fi halin abin da ke bin ta muhimmanci. Masu lambu sun san wannan tun kafin Bature ya rubuta. In ruwa ya ƙi isa komi na ƙarshe, kwatar suke fara dubawa.

Ita kuwa hanyar, a idon mai sukari, ta sha wuya. Kowace siririyar jijiya a tantanin gani tana da wasu ƙwayoyi da suka rungume ta daga waje, suna riƙe bangonta kamar yadda dogari ke riƙe jingina. A 1961 David Cogan da abokan aikinsa a birnin Boston suka narkar da naman tantanin gani na mamata, suka bar jijiyoyin zalla, suka duba a madubin likita. Sai suka ga a idon masu sukari waɗannan ƙwayoyi masu riƙe bango sun mutu sun bar gurabensu fayau. Inda bango ya rasa mai riƙe shi sai ya kumbura ya yi ƙulli, kamar tsohon tub ɗin keke da aka cika wa iska. Waɗannan ƙulle-ƙulle su ne jajayen ɗige-ɗigen da likita kan fara gani, tun mai su bai ji komai ba. Daga nan sai bangon ya fara yoyo, ruwa da kitse su riƙa tsattsafowa. In yoyon ya taru a wurin nan na tsakiya, sai ya kumbura, mutum ya fara ganin hazo, rubutu ya riƙa karkace masa. Muna kyautata zaton irin wannan ne ya fara samun Baba bara, kodayake yanar ido ma tana kawo hazo, kuma tana saurin kama masu sukari. Likitan da ya leƙa shi ne zai bambance.

Wani abin kuma, lafiyayyar jijiyar ido tana iya tsukewa ko buɗewa da kanta don ta daidaita jinin da ke shiga. Eva Kohner da ta yi aiki a Landan ta daɗe tana nuna cewa wannan birki yakan lalace a jikin mai sukari, har ma jinin da ke bin manyan jijiyoyin tantanin yakan ƙaru a wasu matakan cutar. Ka ga ke nan a ido guda wani lungu ya toshe, wani kuma jini na dukansa da ƙarfi. In aka haɗa da hawan jini, to an ƙara wa Barno dawaki.

Yankin da jijiyoyinsa suka toshe yakan shiga yunwar oksijin, sai ya fara kururuwar neman agaji. Kururuwar tasa wani sinadari ne da ake kira VEGF a taƙaice, wanda a 1994 aka tabbatar yana da yawa a ruwan idon masu wannan matsala. Aikinsa shi ne ya sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Da jin haka mutum zai ce madalla, amma tsiron banza ne, kamar ciyawar ruwan farko, ba ƙwari, ba tsari. Sukan fito saman tantanin su kutsa cikin ruwa mai yauƙi da ya cika ƙwayar ido, kuma abu kaɗan ke fasa su. Jinin da ya zubo shi ne saƙar gizo-gizon da Baba ya tashi da ita. In ya zuba da yawa sai gani ya ɗauke baki ɗaya. In aka bar su kuma sukan yi tabo, tabon ya tsuke ya ɗaye tantanin daga mazauninsa, ko su tsiro a gaban ido su toshe mafitar ruwa, ƙarfin ruwan ido ya hau da azabar ciwo.

Yanzu sai mu zo kan shawarar Gwaggo. Likitoci ma sun yi irin tunaninta, kuma sun gwada. A Amurka an yi wani babban bincike a kan mutum 3,711 masu ciwon sukari da idonsu ya riga ya taɓu, aka ba wasu asfirin miligiram 650 kullum, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki, aka bi su shekaru. Sakamakon da aka fitar a 1991 ya nuna asfirin bai rage ci gaban cutar a ido ba. Abin da ya zama labari mai daɗi shi ne bai kuma ƙara zubar jini a idon ba, don haka wanda likita ya rubuta wa asfirin saboda zuciyarsa kada ya daina don tsoron ido. Amma a sayo a kanti a riƙa ɗura wa tsoho da sunan gyaran gani, wannan ba shi da tushe, ga shi yana iya jawo zubar jini a ciki.

Ƙaho kuwa, ba mu raina sana'ar wanzamai ba, mun san matsayinsu a unguwa tun daga ranar suna. Amma jinin da ƙaho ke zuƙowa na fata ne, kuma baƙin da yake yi daskarewa ce da rashin iska, ba alamar ya mutu a jiki ba. Ba ya taɓa jijiyar da ke bayan ido, ba ya kuma dawo da bangon da ya lalace. Ga shi fatar mai sukari ba ta saurin warkewa, tsaga ƙarama tana iya zama gyambo. Wanda ya fi wannan ma, a cikin wancan bincike na Amurka an lura cewa masu ƙarancin jini sun fi shiga haɗarin cutar ta tsananta. Dalili a fili yake, wurin da ke kukan yunwa ba a rage masa 'yan dako. Jini tsararo ba shi ne lafiyayyen jini ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu nan ƙasar musamman, wato amosanin jini ko sikila. Nau'in jinin da ake kira C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma tun 1995 aka fara gwada jinin jarirai a Kumasi don gano masu cutar da wuri. Abin lura shi ne masu nau'in SC, waɗanda ciwon jikinsu ya fi sauƙi, sun fi masu SS samun tsiron sababbin jijiyoyin nan a ido, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne jininsu ya fi yawan ƙwayoyi, ya fi kauri. Nan kam kaurin jini da taurin ƙwaya sun nuna ƙarfinsu. Don haka duk mai sukari da ya san yana da irin wannan jini ya faɗa wa likitan ido, ya kuma faɗa wa mai yi masa gwajin HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, domin nau'in jini da ƙarancinsa suna iya sa gwajin ya ba da amsar da ba daidai ba.

To me aka tabbatar yana aiki? A 1993 aka fitar da sakamakon wani bincike na Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in sukarin da ke kama yara da matasa. Waɗanda aka tsananta wa kula da sukarinsu, haɗarin cutar ta kama idonsu ya ragu da kashi 76 cikin 100, waɗanda kuma ta riga ta kama, haɗarin ci gabanta ya ragu da kashi 54. A 1998 binciken Birtaniya a kan masu sukarin manya ya nuna cewa sauko da hawan jini ya rage taɓarɓarewar ido da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan na biyu muna so a ja masa layi, domin mun ga mutane da yawa suna guje wa sukari a shayi kamar guba, amma ƙwayar hawan jini sai ranar da kai ya yi ciwo. A wannan binciken dai aka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen, ranar da aka fara gano suna da sukari idonsu ya riga ya taɓu, alhali suna gani garau. Mu kuwa a Afirka, ƙididdigar 2021 ta nuna fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba.

Ga wanda abin ya riga ya kai inda na Baba ya kai, akwai ƙuna da hasken leza. Asalinsa wani likitan Jamus ne, Meyer-Schwickerath, wanda a ƙarshen shekarun 1940 ya riƙa tattara hasken rana da madubai yana ƙona tantanin ido da shi. Hikimar ita ce a ƙone gefe-gefen tantanin da ke kukan yunwa, kururuwar ta ragu, sababbin jijiyoyin su yanƙwane. A 1976 aka tabbatar wannan aiki yana rage haɗarin makanta da fiye da rabi. Daga baya aka samo alluran da ake yi a cikin ido don kashe kaifin VEGF, kamar Lucentis da Amurka ta amince a yi amfani da shi a kumburin tsakiyar tantani a 2012, da kuma Avastin da ya fi shi araha. Matsalarsu sai an yi ta maimaitawa, aljihu kuwa kowa ya san halin da yake ciki. In jinin da ya zuba ya ƙi washewa, akwai tiyatar da ake kwashe shi.

Mun sha jin ana cewa wane ya je leza ya dawo makaho, saboda haka mutane suna gudu. Gaskiya ne leza yakan rage ganin gefe da ganin dare, kuma ba ya dawo da abin da ya riga ya mutu. Amma galibi wanda ake ba da labarinsa ya je ne bayan aski ya zo gaban goshi, sai a ɗora wa magani laifin cuta.

Shawararmu ga mai wasiƙa, ka mayar da Baba wurin likitan ido cikin makon nan, kada ka jira jinin ya washe da kansa, domin ko ya washe jijiyoyin da suka zubar da shi suna nan. Manyan asibitocin koyarwa irin su Komfo Anokye a Kumasi da Korle Bu a Ankara suna da sashen ido. Ka roƙi a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido a duba na hagun ma, wanda bai yi ƙorafi da shi ba, don shi ne jarin da ya rage. A auna hawan jininsa, da yawan jininsa, da ƙodarsa, domin siraran jijiyoyin ƙoda irin wannan wahala suke sha, sau da yawa tare suke lalacewa da na ido. In sukarinsa ya daɗe a sama, a bar likita ya sauko da shi a hankali, saboda saukar gaggawa takan tayar da cutar idon na ɗan lokaci. Kada a bar shi da ƙishirwa a zafin nan. Kada kuma a kai shi wurin masu cire yana da tsinke, abin da ke damunsa yana can bayan inda tsinkensu ke kaiwa.

Sauran masu sukari da ke karanta mu, wanda ya kamu da girma a duba bayan idonsa da zarar an gano ciwon, wanda ya kamu tun yana yaro kuwa cikin shekara biyar na farko, daga nan kuma duk shekara ko yadda likita ya tsara. Gwajin tabarau a kasuwa ba ya cikin lissafi. Mace mai sukari da ta samu juna biyu a duba ta tun farkon cikin, don ciki yana iya hanzarta cutar. Kai kuma Malam, da kai da ƙannenka, ranar da za ku raka Baba ku miƙa yatsa a auna naku sukarin, tunda abin yana bin gida.

Maganar zazzaɓin yara sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.